Daga Zariya zuwa gadar Malanville: wa zai zana mana halin da muke ciki?

Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, an rufe gadar da ta haɗa Malanville ta Benin da Gaya. Manyan motoci suka yi layi, lebura da dillali suka zauna haka nan, jama'a kuma suka koma tsallaka kogi a kwale-kwale, ga gada tsaye a gabansu. An yi rubuce-rubuce da Faransanci a kan lamarin, amma mai zanen barkwanci zai iya faɗin komai a hoto guda, har wanda bai yi boko ba ya gane. Matsalar ita ce masu irin wannan aiki da Hausa ƙalilan ne.

Abin mamaki, ɗaya daga cikin gwanayen wannan fanni a Najeriya a ƙasar Hausa ya yi karatu. Dele Jegede, haifaffen Ikere-Ekiti a 1945, ya kammala digirin zane a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a 1973. Makarantar tana da tarihi: a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya a can, suka ce ba za su tsaya kwaikwayon Turawa ba, sai sun gauraya dabarun zamani da al'adun gida.

Daga Zariya Jegede ya wuce jaridar Daily Times a Legas, ya zama editan zane a tsakiyar shekarun 1970. Zamanin soja ne, kuma a 1975 gwamnati ta karɓe kashi 60 na hannun jarin jaridar. Duk da haka ya riƙa zolayar manya ta bakin wani yaro mai suna Kole. Bai ajiye fenti ba: ya zana cunkoso da wahalar talakan Legas, daga baya kuma waɗanda rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Indiana, ya shugabanci ƙungiyar masu zane ta Najeriya, sannan ya koyar a jami'o'in Amurka. Kafin shi, Akinola Lasekan ya yi wa Turawan mulkin mallaka irin wannan tsiya a jaridar West African Pilot.

Darasin a fili yake. Jegede ya samu makaranta mai kyau, jaridar da ke biyansa albashi, da editocin da suka ba shi fili. Yau a Arewa akwai Mustapha Bulama, wanda zanensa a Daily Trust ke yawo a wayoyi har ƙauye, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yawancin shafukan Hausa ba su ware ko sisi don mai zane.

Ga kuma doka. A Benin, an ɗaure ɗan jarida Ignace Sossou a ƙarshen 2019 da dokar sadarwar intanet. A Nijar, sojoji sun maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta intanet a 2024. A Najeriya ma an sha kama 'yan jarida da dokar laifukan intanet ta 2015. Matashin da ya iya zane, in ya ga haka, sai ya koma zana allon shago, ya huta.

To, gyara ya fara daga gida. Kafafen Hausa su ɗauki masu zane, su biya su, su kuma tsaya musu ranar da aka kira su ofishin 'yan sanda. Sashen zane na Zariya na nan yana yaye ɗalibai duk shekara. Abin da ya rage shi ne editan da zai buɗe musu shafi.