Sanya suna a bango bai isa ba

A watan Oktoba na 2024 hukumomi suka sauya wa cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke nan Yamai suna, ta koma Cibiyar Moustapha Alassane. Madalla da wannan karramawa. Amma ina tambayar ƴan'uwana malamai da iyaye: yara nawa ne a ajinku ko a gidanku suka san mutumin, balle a ce sun taɓa ganin zanensa?

An haife shi a 1942, ya fara da kanikanci, ya koyi aikin fim a Yamai tare da Jean Rouch, sannan ya je Kanada ya ƙaro sani wajen Norman McLaren. A 1966 ya fito da Bon voyage Sim, ɗan gajeren fim na zane mai motsi, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki wata ƙasa. Shekara shida kacal da samun ƴancin kai, ɗan Nijar ya yi wa shagulgulan masu mulki shaguɓe da alƙalami. Ya daɗe yana aiki a Tawa, ya rasu a Wagadugu a 2015.

Rashin sanin irinsa ya samo asali ne daga raina mai zane da aka saba yi. Tsararrakina sun tuna mujallar Kouakou da ake kawowa makarantu daga Faransa, mai ba da labari cikin zane. Mun san yaron labarin kamar ɗan unguwarmu, amma mu nawa muka ji sunan Bernard Dufossé, wanda ya yi shekaru yana zana shi? Har gobe a aji ana tambayar yaro sunan marubucin littafi, ba a tambayarsa wanda ya zana hotunan. In kuwa aka kama shi yana zane a bayan littafin rubutunsa, wani malamin bulala zai ɗauko.

Na san hujjar da ake kawowa: wai yaro bai iya karatu ba tukuna, ina shi ina zane? Ni da nake tsayawa gaban allo kullum, akasin haka nake gani. Yaron da ya taso da Hausa ko Zabarmanci a gida, ya zo lakwal ya tarar da Faransanci, hoto ne ke riƙe masa hannu har ya gane jimlar da ke ƙarƙashinsa. Mai zanen nan abokin aikinmu ne, ko mun yarda ko ba mu yarda ba.

Wasu iyayen kuma su ce zane ba ya ciyar da mutum. Akwai kuɗi a cikinsa, sai dai wanda ba a san sunansa ba shi ake cuta. A Amurka, a 1938, mai zane Joe Shuster da abokinsa marubuci Jerry Siegel sun sayar da Superman a kan dala 130. Kamfani ya tara dukiya, shi kuwa Shuster ya yi shekaru cikin talauci, sai a 1975 aka yanka musu fansho aka amince a maido da sunayensu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Don haka ga roƙona. Malam, duk littafin da ka buɗe a aji, ka rubuta sunan mai zanen a allo kusa da na marubucin. Shugabannin makarantu su nemi finafinan Alassane a nuna wa ɗalibai, ko sau ɗaya a shekara. Iyaye kuma, in kun ga yaro yana zana kwaɗo ko raƙumi, ku saya masa takarda da fensir, ku ce ya sa sunansa a ƙasan zanen.