Hangen Dala ba shiga birni ba: kafin ka sauko da su Baba daga jirgin ruwa

A wannan makon za mu taɓo wata hanyar kyautata wa iyaye da wasu 'yan uwanmu suka fara bi, musamman mazauna Turai da ƙasashen Larabawa, wato ɗaukar Baba ko Hajiya a kai su yawon buɗe ido a cikin katafaren jirgin ruwa. Ga wanda bai san abin ba, jirgin tamkar otal ne mai tafiya a kan teku. Da ɗakin kwana, da wuraren cin abinci, da lif mai kai mutum kowane bene, har da ɗan asibiti. Da dare yana tafiya, gari na wayewa sai a tashi a wata tashar. A Tekun Bahar Rum, cikin mako guda mutum zai iya taka ƙasar Sifaniya da Faransa da Italiya, ko kuwa Girka da Turkiyya, ba tare da ya sake ɗaure kaya ba.

Wannan sauƙin ne ya sa dattawa suke son irin tafiyar. Amma sauƙin na cikin jirgi ne. Idan jirgi ya tsaya, akan ba fasinjoji kamar awa takwas zuwa goma su shiga gari su dawo, kuma kamfanin jirgin yana sayar da tikitin zagayen gari daban: a saka ku a bas, a haɗa ku da ɗan jagora, a nuna muku wuraren tarihi. A nan ne tafiyar dattijo take yin daɗi ko ta ɓaci. Maganata guda ce: ka zaɓi zagayen da ƙafar mahaifinka za ta iya, kada sunan birni ya ruɗe ka.

Abu na farko, tashar jirgi ba ita ce birnin ba. Takardar talla za ta ce "Roma", amma Roma ba a bakin teku take ba. Jirgi yana tsayawa ne a Civitavecchia, kimanin kilomita 80 daga birnin, tafiyar sama da awa ɗaya a bas, wani lokaci awa ɗaya da rabi. Idan an ce "Florence", a Livorno ake sauka, kimanin kilomita 90. Venice kuwa, tun watan Agustan 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin, shi ya sa wasu suke tsayawa a Marghera, wasu ma can Ravenna ko Trieste, inda sai an yi tafiyar awa biyu ko fiye kafin a iso. Wanda yake son ganin fadar Alhambra da sarakunan Musulmin Andalus suka gina a Granada, wadda ta fita daga hannunsu a 1492, ya sani cewa daga tashar Malaga akwai kimanin kilomita 130. Ka lissafa zuwa da dawowa, za ka ga awa uku zuwa huɗu sun tafi a zaman mota. Mai ciwon baya ko mai yawan zagawa bayan gida ya san abin da wannan yake nufi.

Akwai kuma garuruwan da jirgi yake kai ka har bakin ƙofa. A Basalona 'yan mintoci ne daga tasha zuwa tsakiyar gari. A Istanbul, wadda magabatanmu ke kira Santambul, tashar Galataport da aka buɗe a 2021 tana cikin birni, daga kan jirgi ma kana hangen hasumiyoyin masallatai. A Naples da an sauko an shiga gari. Idan tafiyar ta dattijo ce, jerin tashoshi irin waɗannan ya fi jerin manyan sunaye amfani.

Abu na biyu, yadda ake sauka. A mafi yawan tashoshi jirgi yana jingina da gaɓa a taka a fita. A wasu wuraren kuwa yana tsayawa ne a tsakiyar ruwa, a riƙa kwasar mutane da ƙananan jirage. Tsibirin Santorini na ƙasar Girka haka yake. Sai an tsallaka daga babban jirgi zuwa ƙarami alhali ruwa yana motsi, kuma idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi akan hana mai keken guragu sauka. Garin Fira yana can saman dutse. Daga tsohuwar tasha, ko dai a hau motar da ke tafiya a kan igiya, wadda layinta kan yi tsawo a tsakar rana, ko a taka matakala kusan 600, ko a hau jaki. Waɗanda suka sayi zagaye daga kamfanin jirgi akan kai su wata tashar da bas yake jira, amma sau da yawa a ƙarshen zagayen a Fira ake barinsu su sauko da kansu. Ka tambaya kafin ka biya.

Abu na uku, ƙasan da za a taka. Tsofaffin biranen nan ba don gwiwar ɗan shekara 70 aka gina su ba. A Atina, babban birnin Girka, kufan Acropolis yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 150, kuma duwatsun hanyar sun yi sulɓi saboda yawan takawa. An saka sabon lif a 2020 domin naƙasassu da masu fama da tafiya, sai dai ba kowane zagaye yake bi ta nan ba. A Pompeii, garin da dutsen Vesuvius ya binne da toka a shekara ta 79 Miladiyya, titunan manyan duwatsu ne marasa daidaito. A Dubrovnik ta ƙasar Kuroshiya, ganuwar birnin ta kai kusan kilomita 2, da matakala sama da 1,000. Kufan Afisa a Turkiyya, wanda 'yan uwa Kirista suka sani daga Littafi Mai Tsarki, bai fi rabin awa daga tashar Kusadasi ba, kuma yawanci ana shiga ta ƙofar sama a gangaro zuwa ta ƙasa. Gangara ta fi hawa sauƙi ga numfashi, amma ba ta fi sauƙi ga gwiwa ba, ga shi inuwa ba ta da yawa.

Kamfanonin jirage sukan raba zagayensu gida uku: mai sauƙi, matsakaici, da mai wahala. Kada ka tsaya a kan wannan kawai, domin abin da Bature ɗan shekara 65 mai yawon safe kullum ya kira matsakaici, wataƙila ga Hajiya mai wahala ne. Ka karanta bayanin da ke ƙasa, ko ka je teburin masu sayar da zagaye a cikin jirgi ka tambaya: awa nawa za a yi a tsaye, kilomita nawa za a taka, matakala nawa ce, akwai wurin zama, kuma mutum zai iya zama a bas ya jira idan ya gaji? Matambayi ba ya ɓata.

Ga wani ma'auni da yawancin gidajenmu suke da shi. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya ɗan haura kilomita 3, a kan daɓe mai laushi, a cikin inuwa da sanyi. Idan Baba ya yi Umara bara ya kammala sa'ayi da ƙafarsa ba tare da ya galabaita ba, zai iya zagaye matsakaici. Idan sai da aka tura shi a keke, to nasa shi ne zagayen da ake yi a cikin bas, ana tsayawa nan da can a ɗauki hoto a koma. Babu abin kunya a ciki. Wanda ya ga Colosseum ta tagar mota ya sauko ya yi hoto a gabansa, ya koma jirgi da ƙarfinsa, ya fi wanda ya shiga ciki ya kwana biyu yana jinyar ƙafa.

Sai mu zo kan abin da ya fi duk waɗannan, wato alkunyar iyayenmu. Dattijon Bahaushe ba zai ce wa ɗansa "na gaji" ba, bare ya san ɗan ya kashe kuɗi masu yawa. Ka tambayi Hajiya, za ta ce "lafiya lau, mu je", alhali ƙafarta ta kumbura a cikin takalmi. Ɗan jagora kuwa yana da mutum talatin ko arba'in da agogo a hannu, yana gaba da 'yar tutarsa, muryarsa tana shigowa ta na'urar da aka maƙala muku a kunne. Muryar za ta ci gaba da zuwa ko da ya sha kwana ya ɓace muku. Dattijo zai ƙara sauri don kada a ce shi ya tsayar da jama'a, kuma a irin saurin nan ake faɗuwa. Karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramin abu ba ce a gida ma, balle a ƙasar da ba ka jin harshensu, jirginku kuma zai tashi da yamma. Don haka kada ka jira ya faɗa. Kai ne za ka ce, "Baba, ni na gaji, mu ɗan zauna." Tun kafin a tashi ka sanar da ɗan jagora cewa kuna tafe da dattijo, ka karɓi lambar wayarsa, ka tambayi inda bas zai jira da ƙarfe nawa.

Maganar lokaci ba wasa ba ce. Akan buƙaci kowa ya dawo kamar rabin awa kafin jirgi ya tashi. Idan zagayen na kamfanin jirgi ne kuma bas ɗinku ya makara, jirgi zai jira ku, ko kamfanin ya ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Idan kuwa da kanku kuka fita, ko kuka ɗauki wani jagora daga waje, jirgi ba ya jiran kowa, kuma kuɗin bin sa daga aljihunku zai fito. Wannan ne dalilin da ya sa zagayen kamfani, duk da ya fi tsada, ya fi dacewa a wurare masu nisa kamar Roma da Granada. A gari irin Basalona kuwa, ɗaukar mota da jagora na iyali kaɗai yakan fi, tunda ku ne za ku tsara saurin tafiya, sai dai ku ƙudurta dawowa awa biyu kafin lokaci. A kula da agogo kuma: Girka tana gaban Italiya da awa ɗaya, kuma wayar hannu takan sauya lokaci da kanta. Lokacin da jirgi ya sanar shi ne abin bi. A takardar shirin yini da ake ba fasinjoji akwai lambar wakilin jirgin a kowace tasha. Ka ɗauki hotonta, ka kuma rubuta ta a takarda tare da sunan jirgin ka saka a aljihun Baba.

Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana da ƙarin aiki tun daga gida. Yawancin ƙasashen nan suna cikin yankin Shengen, kuma bizarsu tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Idan jirgin zai fita yankin, misali ya je Turkiyya sannan ya dawo Girka, bizar da ake shiga da ita sau da yawa ake nema, ba ta shiga ɗaya ba. Kowace ƙasar da ke jerin a bincika sharaɗinta, domin kamfani zai iya hana mutum hawa jirgi tun farko idan takardunsa ba su cika ba, ko da ya ce ba zai sauka a can ba. A tabbata inshorar ta san da ciwon suga ko hawan jinin da dattijo yake da shi, domin ganin likitan jirgi ma da kuɗi ne.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su suke gyara yini. Takalmi rufaffe mai kama ƙasa, ba silifas ko sabon takalmin da ba a saba da shi ba. Sanda, ko da a gida ba ya riƙewa. Maganin yini a jakar hannu, da ruwa, da ɗan abin taɓawa ga mai ciwon suga. Tsabar yuro don bayan gida, domin a wurare da yawa sai an biya. Kuɗi da fasfo a cikin riga, saboda masu yankan aljihu a cunkoson Basalona da Roma ba sa tausayin furfura. Idan zagayen ya haɗa da abincin rana, a faɗa tun da wuri cewa ba a cin naman alade ko abin da aka dafa da giya, kifi ya wadatar. Batun salla, a tambayi malami hukuncin ƙasaru da haɗa Azahar da La'asar kafin a bar gida. A Istanbul abin da sauƙi, tunda masallacin Sultan Ahmad da Aya Sofiya, wadda aka mayar masallaci a 2020, suna fuskantar juna. Sai dai a kula, wasu zagayen Turkiyya sukan ƙare a shagon darduma, inda za a ba ku shayi a yi ta shimfiɗa kaya. Shan shayin bai wajabta saye ba.

Kada kuma a ce ai mu 'yan zafi ne. A watan Yulin 2023 sai da hukumomin Girka suka riƙa rufe Acropolis da tsakar rana saboda tsananin zafi. A gida ma ba ma aiken tsoho hawan dutse da azahar. Watan Mayu ko Oktoba ya fi Yuli da Agusta sauƙi, kuma zagayen safe na rabin yini ya fi na yini guda.

A ƙarshe, ba dole ba ne a sauka a kowace tasha. A tafiyar mako guda, a zaɓi garuruwa biyu ko uku da suka fi kwanta wa dattijo a rai, a bar hutu a tsakani. Ranar da jama'a suka watse cikin gari, jirgi yakan yi shiru, babu layi a wurin abinci, ga kujeru a sarari ana kallon teku. Wataƙila hirar da za ku yi da Baba a ranar ita ce za ta fi zama a ransa. Sannu ba ta hana zuwa.

Wanda ya taɓa kai iyayensa irin wannan tafiya, ya faɗa mana tashar da ta yi musu sauƙi da wadda ta ba su wahala, domin na baya su amfana. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya ba mu ikon kyautata musu. Sai mako mai zuwa.