Hukumar daraktoci: Idan kunya ta hana tambaya

A daminar da ta wuce na je gida, wani ƙauye da ke ƙasar Dambatta, na tarar ƙungiyar manoman garinmu ta watse. Mutane sun yi karo-karo don sayen taki a sari, taki bai zo ba sai da gero ya fara fitar da kai, kuma ba wanda ya ga lissafi. Da na bincika, sai na tarar ma'aji surukin shugaba ne, mai binciken kuɗi kuwa amininsa ne tun suna makarantar allo. Ba wanda ya ce sun ci amana, amma kuma ba wanda ya iya buɗe baki ya tambaye su, domin kunya. A yankin da gonaki suka tsuke, inda ba a barin fili ya huta, rashin taki a kan lokaci yana nufin rumbu ya ƙare kafin bazara.

Na kawo wannan labari ne domin cutar da ta kashe wannan ƙaramar ƙungiya ita ce ke kwantar da manyan kamfanoni. Aikin hukumar daraktoci shi ne ta tsaya a madadin masu hannun jari ta sa ido a kan shugaban kamfani. To, idan darakta abokin shugaba ne, shugaban kuma darakta ne a kamfanin abokin nasa, wa zai tuhumi wa?

Ƙasashen duniya sun daɗe da gane wannan. Tun 1914 Amurka ta yi dokar Clayton, wadda ta hana mutum ɗaya zama darakta a manyan kamfanoni biyu da ke gogayya da juna, duk da haka kamfanin Enron ya durƙushe a 2001 a gaban idon daraktoci masu manyan sunaye. A Ingila, rahoton Cadbury na 1992 ya ba da shawarar a raba kujerar shugaban hukuma da ta babban manaja. Jamus kuwa ta bi wata hanya: dokar 1976 ta ba ma'aikata rabin kujerun hukumar sa ido a kamfanin da ke da ma'aikata fiye da 2,000. Manufar duka ɗaya ce, wato a samu wani a ɗakin taro wanda ba ya jin nauyin shugaba.

Mu ma a nan gida mun ɗanɗana. Bankin Arewa, mai hedikwata a Kano, mallakar jihohin Arewa ne, amma da Babban Banki ya buƙaci jarin Naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bai iya tsayawa da ƙafarsa ba, sai ya narke cikin bankuna tara da suka zama Unity Bank a 2006. A watan Agustan 2009 kuma, Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi, yana Gwamnan Babban Banki, ya tsige shugabannin bankuna biyar, aka zuba Naira biliyan 420 don ceto su, kuma bashin da aka riƙa bai wa na jiki yana cikin manyan dalilai. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da hukumar daraktoci da ke zama tana karɓar alawus. Wanda ya ji a jikinsa shi ne ƙaramin mai hannun jari da kuma ɗan kasuwar Dawanau da ke neman rance don sayen wake da riɗi daga hannun manomin Bichi da Kunchi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba wai ba mu da doka ba ne. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana mutum zama darakta a fiye da kamfanoni biyar da jama'a ke da hannun jari a cikinsu, ta kuma wajabta samun daraktoci masu zaman kansu. Sai dai doka tana iya ƙidaya kujeru, ba ta iya ƙidaya surukuta da abotar makaranta da alherin da aka yi wa mutum shekaru ashirin da suka wuce.

Ba ina kushe zumunci ba ne. Da amana aka gina fataucin goro da na gyaɗa, kuma da ita Alhassan Ɗantata ya tafiyar da wakilansa a ƙauyuka. Amma shi dukiyarsa yake juyawa, idan ya yarda da wanda bai cancanta ba, shi zai yi asara. Darakta kuwa dukiyar wasu aka ba shi tsaro.

Saboda haka kirana ga 'yan'uwana 'yan boko, waɗanda ake naɗawa a hukumomin kamfanoni da na ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin ci-gaban garuruwanmu, shi ne kafin mutum ya karɓi kujera ya tambayi kansa: zan iya cewa wanda ya kawo ni ya fito da takardun lissafi? Idan ba zai iya ba, mutunci shi ne ya yi godiya ya bar wa wanda zai iya. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.