Ɗakin Ibada, Masu Shi Ne Ke Rufe Shi

A ƙasar Jamus, idan jama'ar wata majami'ar Furotestan ta ragu har riƙon ginin ya fi ƙarfinta, ba a garƙame ƙofa haka kawai. Akan yi sujada ta ƙarshe, a yi godiya, a tuna waɗanda aka yi wa baftisma da waɗanda aka ɗaura wa aure a wurin. Sannan dattawa su ɗauki Littafi Mai Tsarki da ƙoƙon jibin Ubangiji, su fita a jere zuwa majami'ar da za ta karɓe su. A Hambug, majami'ar Kapernaum da aka rufe a 2002 har masallaci ta zama a 2018, bayan cibiyar Al-Nour ta saye ta. Ba wanda aka kora da dutse.

A Damagaram kuwa, inda ƴan mishan na SIM suka sauka tun 1924, wuta ce ta rufe majami'u ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa. Kashegari aka ƙone 45 a Yamai, bisa lissafin ƴan sanda. Mutum goma suka rasu cikin kwana biyun. Zanen ya ɓata ran Musulmi, gaskiya ne, amma maƙwabcin da ke addu'arsa da Hausa ba shi ya zana shi ba.

Masu son a binne zancen suna cewa ai gini ne kawai, kuma an sake gina da yawa. Hujjar ba ta da ƙwari. Su kansu Furotestan sun yarda jama'a ce majami'a, ba bango ba. Duk da haka suna yi wa bangon bankwana, domin a nan aka yi wa iyayensu addu'ar jana'iza. Siminti yakan mayar da bango, amma ba ya mayar da bankwanan da aka hana mutane.

Nauyi yana kan malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu na Matameye da sauran jihar Damagaram: su tattara shaidar waɗanda suka ga ranar, Musulmi da Kirista, su rubuta ta da Hausa, su karantar da ita. Ɗalibin da ya san cewa masu ɗakin ibada kaɗai ke da ikon rufe shi, da wuya a miƙa masa ashana ya karɓa.