Filin 'Yan Uwa Mata: Karatun Ƙwaƙwalwa, Zariya ko Jos?

Wannan karon na ajiye zancen soyayya gefe, saboda abin da na tarar a gidan kawuna a Kiru.

'Yarsa ta gama digirin koyarwa a Jami'ar Bayero, ta yi bautar ƙasa, yanzu tana koyarwa a wata firamare a Bebeji. Na iske ta ta baza takardu a tabarma, ta yi tagumi. Na ce, "Ke lafiya? Ko angon ne ya fasa?" Ta ce, "Yaya, wani yaro ne a ajina. Ya haddace izu biyar a makarantar allo, amma baƙaƙen boko sun gagare shi. So nake in yi digiri na biyu in san yadda ƙwaƙwalwa take kama abu, da yadda take sakinsa."

Ashe ilimi ne mai zaman kansa. Ya haɗa halayyar ɗan Adam, nazarin harshe, aikin ƙwaƙwalwa, kwamfuta da falsafa. A Amurka, Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego ta buɗe masa sashe tun 1986. To amma wa zai biya kuɗin jirgi, ga shi an sa ranar aurenta bayan Babbar Salla?

Sai muka duba na gida. Jami'ar Jos tana da sashen halayyar ɗan Adam zalla, sai dai wadda ba shi ta karanta tun farko ba, galibi sai ta fara da difloma. Ga kuma nisa: daga Kwanar Dangora a bi Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore, a wuce Doguwa, tafiya ba ta ƙare ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuwa tana da sashen halayyar ɗan Adam a fannin koyarwa, kuma daga Kwanar Dangora miƙewa kawai za a yi.

Wata tsohuwar malamarmu ce ta raba gardama. Ta ce kada sunan makaranta ya ruɗe ta. Ta fara rubuta tambayarta, sannan ta nemi malamin da yake bincike a kan irinta, don shi zai duba aikinta har ta gama. Sharaɗin karatu kuma a faɗe shi gaban waliyyai tun kafin ɗaurin aure. Zariya ta zaɓa, tunda yaran da za ta yi bincike a kansu suna nan cikin ajinta. Angon ya amince a gaban kawu.

Ni dai a sakandare na tsaya, kuma wallahi ranar nan sai da na ji wani abu a raina. Ke da kike makaranta, riƙe lissafi da ilimin halittu da Turanci da kyau, su za a fara tambayarki a ƙofar jami'a.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.