Wanda Ya Sare Gawo Ya Sare Rumbunsa

Tun ran 29 ga Mayu, 2023, da Gwamnati ta janye tallafin man fetur, wata magana ta bazu daga Babura har Kazaure da Roni da Gwiwa. Masu ita suna cewa wai tsadar nan ta ɗan lokaci ce, kafin araha ta komo kuwa ga daji nan, kowa ya ɗauki gatari ya saro na girki da na sayarwa. Wannan magana kuskure biyu ne a ƙunshi guda.

Na fari, mai ba ruwan rijiya ba ne, da za a kwashe yau gobe ya tsattsafo. Abin da aka zuƙe ya tafi ke nan. A 1956 aka same shi a Oloibiri, can kudu. A 2005 Nijeriya tana haƙo fiye da ganga miliyan 2 kullum, amma a 2022 ba ta kai miliyan ɗaya da rabi ba. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farkon 2023 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ban da wannan, masana sun tabbatar hayaƙin mai yana ƙara wa duniya zafi, yana rikita damina, har ƙasashe suka ƙulla alkawari a birnin Faris a 2015 za su rage shi. Mai jiran arahar da, lalle jiran gawon shanu ya ke yi.

Na biyu, daji yana ƙarewa. Dattawan Babura ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Gonar da aka tsiraita, iska ta kan kwashe ƙasarta mai kyau, rairayi ya binne shuka tun tana tsiro. Gawo kuwa bawan manomi ne wanda ba ya neman lada. Da damina ya kaɗe ganyensa don gero ya sami rana da taki, da rani ya yi inuwa, ya zubo wa dabbobi 'ya'yansa. Wanda ya mai da shi gawayi ya sayar da tuwon shekaru don cefanen kasuwa ɗaya.

Wani zai ce, to, da me talaka zai dafa tuwo? Tambaya ce ta gaskiya, amsarta kuwa tana tsallaken iyaka. Manoman Magariya da Matamai, a jihar Damagaram, sun sha farin nan irin na mutanen Babura. Tun wajen 1985 suka daina ƙone kututture wajen sharar gona. Su kan zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran. Da haka gonaki wajen hekta miliyan 5 suka sake yin itatuwa a Nijar. Reshe su ke sara, uwar tana tsaye, ga itacen girki, ga abincin dabba.

Saboda haka wajibi ne kowane magidanci ya raini tofon gonarsa, uwargida ta gina murhun laka mai tsare wuta maimakon duwatsu uku, mai unguwa kuma ya hana sare gawo ɗanye ko da na wane ne. Rijiyar mai tana hannun wasu, amma gatari yana hannun mai gona.