WA YA RUFE JAMI'A, CUTA KO MASU MULKI?

Daga Akawun Reshe, Kurmin Kogi

Jama'a, akwai wata magana da ta zauna daram a bakin iyaye a wannan ƙasa tamu ta Ikara da Makarfi da Kudan tun shekarar annoba, watau 2020, har yau ba ta tashi ba. Ana yinta a wurin suna, ana yinta a ƙofar masallaci bayan la'asar, da bakin coci ran Lahadi, da rumfar masu rake ran kasuwar Makarfi. Maganar kuwa ita ce wai karatun jami'a ya zama aikin banza, wai digiri takarda ce ta ƙunshe ƙosai, gara yaro ya kama fartanya ko ya hau acaɓa tun da sauran ƙarfinsa. In ka tambayi mai maganar dalili sai ya ce maka, "Ai ka ga abin da korona ta yi mana." To, a dakata tukuna. Kafin a yanke wa yaro hukunci, a bi sawun ɓarawo a ga gidan da ya shiga.

Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka sami mutum na farko da cutar a Ikko, wani Bature ɗan Italiya. Kafin watan Maris ya ƙare Gwamnatin Tarayya ta ce a rufe makarantu duka, manya da ƙanana. Yaranmu na Jami'ar Ahmadu Bello, na Samaru da na Kongo, suka naɗe tabarma suka hau motar gida, waɗansu har sun bar littattafansu a ɗaki, don an ce musu hutun wata guda ne. Ran 26 ga Maris aka hana fita a Jihar Kaduna, bayan kwana biyu Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya faɗa da bakinsa cewa shi ma ya kamu. A nan ban ga laifin kowa ba. Cutar ba tatsuniya ba ce, ko da ya ke har yanzu akwai masu cewa ta masu hawan jirgi ce. A watan Afrilu Kano ta binne dattawanta da malamanta har masu haƙar kabari suka gaji. Ministan lafiya na lokacin, Likita Osagie Ehanire, ya ce an ƙidaya mutum 979, kuma rabinsu ko fiye mai yiwuwa cutar ce ta ɗauke su. Wanda ya rufe makaranta a irin wannan hali bai yi zalunci ba.

Amma ga abin da iyaye su ke mantawa. Ran 23 ga Maris ɗin nan, ranar da aka sa wa jami'o'i kwaɗo sabo da cuta, ran nan ce ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta shiga yajin aikin da ba ta sa masa ranar ƙarewa ba. Rigimarsu da Gwamnati tsohuwa ce. Akwai yarjejeniyar da aka sa wa hannu tun 2009 a kan kuɗin gyaran jami'o'i da albashi, aka bar ta a aljihun tebur. Akwai kuma wani tsarin biyan albashi ta kwamfuta daga Abuja, ana ce da shi IPPIS, wanda Gwamnati ta ce dole su shiga, su kuwa suka ce ba su shiga. Watau kwaɗo biyu ne a ƙofa ɗaya, mu kuwa daga ƙauye ɗaya kaɗai mu ke hangowa.

Ku bi ni mu ƙidaya. Ran 1 ga Yuli aka buɗe hanya tsakanin jihohi. Ran 8 ga Yuli jiragen sama na cikin gida suka tashi. Ran 17 ga Agusta 'yan aji shida na sakandare suka zauna jarrabawar WAEC. Ran 5 ga Satumba aka buɗe wa jiragen ƙasashen waje hanya. Ran 19 ga Satumba aka yi zaɓen Gwamna a Edo, ran 10 ga Oktoba aka yi na Ondo, da taro da kiɗa da rawa, kafaɗa da kafaɗa. Ashe cutar tana jin kunyar filin taron siyasa, ajin ɗan talaka kaɗai ta ke shiga ba sallama? Duk wannan ana yi jami'a tana rufe. Ba a janye yajin ba sai ran 23 ga Disamba, wata tara cif, yara kuwa ba su ga allo ba sai cikin farkon 2021.

Wanda har yanzu ya ke shakka, to, ya dubi 2022. Babu dokar hana fita, babu takunkumi a hanci, kasuwa tana ci, ana shirin zaɓe. Aka sake rufe jami'o'in daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas. Tara da takwas goma sha bakwai ke nan. Yaron da ya shiga karatun shekara huɗu a 2019 an sace masa wata goma sha bakwai daga cikin ƙuruciyarsa, ba wanda ya ce masa ko sannu. Abin takaici, a watan Disamba 2023 Majalisar Ministoci ta zauna zama ɗaya ta amince a cire jami'o'i daga IPPIS ɗin nan da aka yi ta taurin kai a kansa. Af! Ashe abin ba dutse ba ne. Ba na wanke malaman jami'a tas, don makamin da ba ya saran kowa sai ɗan talaka ya kamata mai shi ya sake dubansa. Amma mai riƙe da baitulmali shi ya sa hannu a takarda, shi kuma ya saɓa.

Maganar tafiye-tafiyen Salla da Kirsimeti ma, wadda ta raba kan gidaje da yawa a shekarar nan, haka ta ke. Ƙaramar Salla ta kama ran 24 ga Mayu 2020, iyakar jihohi a rufe. Mu nan Kano ta fi mana Kaduna kusa da zuciya, can kasuwarmu ta ke, can 'ya'yanmu mata da yawa su ke aure. Hanyar Zariya zuwa Kano ta bi ta Tashar Yari a ƙasar Makarfi, ita ce jijiyarmu. Gwamna ya ce shi da kansa zai fita ya tsare hanyar a kwanakin Salla. Uwa ta dafa tuwon Salla, ɗanta yana Kano, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, ba dama ya zo. Mutane suka yi ta gardama, wani ya ce a bi ta hanyar gona a kan babur, wani ya ce rai ya fi zumunci. Ni ina bayan na biyun, don a gidajenmu tsoho da jika ɗaki ɗaya su ke kwana, kuma asibitin da zai sa wa mutum iskar numfashi ba a bayan gari ya ke ba.

To, amma talaka ya yi haƙuri, su wa suka ƙi yi? A watan Afrilu an ga taron da aka yi a Abuja wajen jana'izar Malam Abba Kyari, Allah Ya jiƙansa, manyan da suka kafa dokar ba da tazara su ne suka cunkushe. A watan Yuni, hanya tana rufe, wani mawaƙi ya taso daga Ikko a jirgin haya na musamman ya zo Abuja ya yi wasa. A tsakanin nan kuma aka yi ta loda almajirai a manyan motoci ana mai da su daga wannan jiha zuwa waccan, aka auna waɗansu da aka kawo Kaduna aka tarar sun kamu. Da Disamba ta zo cutar ta sake tasowa, aka sake rufe makarantun jiha, aka ce wa 'yan'uwanmu Kirista su rage tafiyar Kirsimeti. Maniyyata kuwa shekara biyu, 2020 da 2021, ba wanda ya tashi daga nan zuwa Makka. Duk mun ɗauka. Dokar da ta hau kan kowa ba ta da ciwo, mai ciwo ita ce wadda ta san fuskar mutum.

Yanzu mu zo ga digirin kansa, don nan ne gizo ke saƙa. Na ji wani dattijo yana ce wa ƙanensa, "Kai dai, Malam, ka dawo da yaron nan gida. Buhu nawa ka sayar a kansa? Ɗan maƙwabcinka ya gama tun yaushe, ga shi can yana jan Keke a Sabon Gari." Ƙanen ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Yaya, amma in na cire shi yanzu, buhunan da suka tafi wa zai biya ni?" Ba zan ce dattijon nan ƙarya ya yi ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 cikin masu neman aiki kashi 33.3 bisa ɗari ba su da shi, watau mutum ɗaya cikin uku. A 2021 Gwamnatin Jiha ta ɗaga kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna har ya kai naira 150,000, mutane ba su ko farfaɗo daga kulle ba. A cikin shekarar aka kwashe ɗalibai a Afaka, aka kwashe a Jami'ar Greenfield har aka kashe biyar. Uban da ya ga wannan duka ya ce ya fasa, ba wawa ba ne.

Jinkirin kansa yana da haƙora. Ɗan ƙauye ba ya fara makaranta da wuri, sau da yawa sai ya zauna jarrabawar shiga jami'a sau biyu ko uku. Dokar bautar ƙasa kuwa ta ce wanda ya gama digiri ya haura shekara 30 ba ya tafiya, takardar yafewa za a ba shi. Masu ba da aiki da yawa kuma sukan sa iyakar shekaru ƙasa da haka. Watau wata goma sha bakwai ɗin nan ga ɗan birni hutu ne, ga namu yana iya zama ƙofar da ta rufe har abada. 'Yan mata kuwa abin ya fi muni. Yarinya ta zauna gida wata tara, gwaggo ta yi magana, inna ta yi magana, aka karɓi sadaki da alkawarin za ta ci gaba daga ɗakinta. Kowa a cikinku ya san gidan da alkawarin nan ya tsaya a baki.

Duk da haka ina roƙon iyaye su dubi gonarsu. Irin masara da na wake da na gyaɗa da a ke ce da su SAMMAZ da SAMPEA da SAMNUT, SAM ɗin nan Samaru ce, masu digiri ne suka ɓata shekaru a gonar gwaji har suka fito da su. A 2016 da wata tsutsa mai suna Tuta ta cinye tumatir a Arewa har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa, manomin Ikara ya ga bala'i da idonsa, kuma masana aikin gona aka nema su faɗi sunan abin da maganinsa. Ran da haihuwa ta gardama aka ɗauki mace zuwa Shika, hannun wa a ke jira? A zamanin Turawa Arewa kaf likita ɗaya ta fara samu daga cikin 'ya'yanta, Likita Barau Dikko na Wusasa, sai da ya ƙetare teku zuwa Ingila. Don kada a sake wannan ne aka buɗe jami'a a Zariya a 1962, a bakin ƙofarmu. Yau kuma mu da kanmu za mu ce mun yafe?

Ku lura da masu yaɗa maganar banzar digiri daga sama. A watannin da ɗanka ya ke korar tsuntsu a gonar dawa, jami'o'in kuɗi da yawa sun ci gaba da karatu ta intanet, yajin aiki bai shafe su ba. 'Ya'yan manya da ke Ingila da Dubai da Malesiya sun gama a kan kari, muka ga hotunansu da iyayensu a Facebook, da doguwar riga da hula mai tunku. A 2022, ana tsakiyar yajin, wani ɗan Majalisar Wakilai daga Edo ya kawo ƙudurin a sa ƙa'ida ga masu riƙe da muƙami da ke kai 'ya'yansu karatu waje. 'Yan'uwansa suka yi watsi da shi nan take. In da digiri takardar ƙosai ce, da ba su sayi ta Ingila da tsada haka ba. Ran da aka zo raba kujerun ofis, da na asibiti, da na kotu, takardar nan za a tambaya, kuma in namu sun ajiye tasu a hanya ba sai an kore su ba, sun kori kansu.

Sabo da haka shawarata ga mai yaro a jami'a ita ce ya bar shi ya ƙarasa, ko da za a haɗa da noman rani da ɗinki a lokacin hutu, sana'a ba ta hana karatu. Wanda ya aurar da 'ya da alkawarin makaranta ya taka zuwa gidan surukinsa ya tuna masa, cikin mutunci. Iyayen ɗalibai na Kurmin Kogi da Ikara da Hunkuyi kuma su daina kuka ɗaya ɗaya a zaure, su haɗa kai su rubuta wa wakilansu na Kaduna da na Abuja, da sunan ko wane yaro da watannin da ya rasa. In kuma lokacin zaɓe ya zo, mai neman ƙuri'a ya sauka a ƙofar Sarki da atamfa da sabulu, ko daga wace jam'iyya ya fito, har tamu, wani dattijo ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, a wace makaranta ɗanka ya ke, kuma wata nawa ya zauna a gida a 2020?"